Alli, Takarda da Lambobi Huɗu

Ku malaman kimistiri da ke tsaye gaban allo tun ƙarfe takwas na safe, ku masu kula da ɗakunan gwaji da ke wanke kwalabe bayan kowa ya watse, ku ma'aikatan masana'anta da ke kwana kuna duba bututu da tukunyar sinadari, da ku da ke aiki da rana kuna karatun difloma da yamma: da ku nake. Akwai wani lissafi da nake so ku riƙe da hannu biyu, ku daina tsallake shafinsa in kun iso shi. Lissafi ne na zafin da haɗin sinadarai ke fitarwa ko yake sha, wanda ake cirowa daga ƙarfin ɗaurin da ke riƙe da ƙwayoyin zarra. Ba ya neman injin miliyoyin naira, ba ya jiran a kawo wuta. Lambobi huɗu ne, da tarawa da ɗebewa, amma wanda ya iya shi yana iya faɗin halin sinadari tun kafin a buɗe marfin kwalba.

Mu ɗauki misalin da ke cikin littattafanmu na sakandare, wanda yara ke haddacewa ba su san cikinsa ba. Iskar metan, CH4, ita ce mafi rinjaye a cikin gas ɗin da ake haƙowa daga ƙasa. A gauraya ta da iskar kulorin, Cl2, a ajiye a duhu ba tare da ɗumamawa ba, za su zauna babu mai taɓa wani. Da haske ya shiga, sai aiki ya tashi: zarrar kulorin ɗaya ta maye gurbin haidurojin ɗaya, a sami CH3Cl da HCl. Tambayar ma'aikaci a nan ita ce, wannan haɗi zafi zai fitar ko zafi zai sha, kuma nawa? Duk wanda zai tsaya kusa da tukunya yana da haƙƙin sanin amsar kafin a murɗa bawul.

Ƙa'idar gajera ce. Tsinka ɗauri sai an biya, ƙulla ɗauri kuwa shi ke mayar da biya. Babu ɗaurin da ke tsinkewa kyauta. Ku ɗauke shi kamar littafin ɗan kasuwa, shafi guda na abin da ya fita, shafi guda na abin da ya shigo, da yamma a fitar da bambanci. A shafin fita akwai ɗauri biyu da aka tsinka: na kabon da haidurojin a cikin metan, mai cin kilojul 439 a kowane mol, da na kulorin da kulorin, mai cin 242. Jimla 681. A shafin shigowa akwai ɗauri biyu da aka ƙulla: na kabon da kulorin mai ba da 350, da na haidurojin da kulorin mai ba da 431. Jimla 781. Sai a ɗebe abin da aka ƙulla daga abin da aka tsinka: 681 − 781 = −100. Wannan shi ne ΔH, canjin entalfi, kilojul −100 a kowane mol. Alamar ɗebewar tana cewa zafi ya fito waje.

Kada ku raina wannan 100 ɗin. Mol ɗaya na metan giram 16 ne kacal, kuma zafin da ya saki zai ɗaga ɗumin lita guda ta ruwa da wajen digiri 24. Tan ɗaya na metan mol 62,500 ne, watau kilojul miliyan 6.25, wanda zai kai ruwa kusan lita 20,000 ga tafasa. Masana'antun da ke wannan aiki suna gudanar da shi a zafin digiri 400 zuwa 500, kuma rabin hankalinsu yana kan yadda za a janye zafin da ke fitowa kafin ya taru. In aka sa gaurayen metan da kulorin mai yawa a tsakiyar rana tsaka, yana iya fashewa, ya bar kunkunniya da hayaƙin HCl. Saboda haka malam, kada sha'awar nuna wa yara ta sa ka gwada shi a filin makaranta. Allo ya ishe ka, kuma a allon ne ma abin ya fi daɗi.

Domin haɗin ba a tashi guda yake faruwa ba. Haske yana fara tsinka Cl2 ne gida biyu, kowace zarra ta tafi da ilektoron guda marar aboki. Irin wannan zarra ake kira radikal, kuma ba ta iya zama wuri ɗaya. Me ya sa kulorin ne ke tsinkewa ba metan ba? Lambobin sun riga sun faɗa: 242 ya fi 439 sauƙin biya. Haske mai launi tsakanin shuɗi da kore, mai tsawon zango kusan nanomita 494, yana da ƙarfin da zai biya 242. Amma 439 sai hasken da ido ba ya gani, na wajen nanomita 272. Daga nan sarƙa ta kama. Mataki na farko, radikal ɗin kulorin ya fizge haidurojin daga metan: an tsinka 439, an ƙulla 431, saura +8. An ɗan hau tudu ke nan, zafi aka sha ba fitarwa ba. Abin da ya rage shi ne CH3 mai ilektoron marar aboki. Mataki na biyu, wannan CH3 ya afka wa Cl2: an tsinka 242, an ƙulla 350, saura −108, kuma ga sabon radikal na kulorin ya fito zai koma ya sake fizge wani haidurojin. Ku tara +8 da −108. Ga −100 ɗinmu ya dawo, ba ƙari ba ragi.

Wannan dacewar ba sa'a ba ce. Germain Hess ne, a birnin Sen Fitasbag na Rasha, ya tabbatar a 1840 cewa jimlar zafin haɗi ɗaya ce ko a tashi guda aka yi shi ko a matakai goma. Ga ma'aikaci wannan doka makami ce ta duba kai. In ka lissafa dunƙule ka sami amsa, ka lissafa mataki-mataki ka sami wata dabam, ba sai wani ya zo ya gaya maka akwai kuskure ba, takardarka ce za ta gaya maka.

Wurare uku ne ƙafa ke zamewa, kuma na tsakiyar ya fi yawan kayar da mutane. Na farko juya ɗebewa, a cire abin da aka tsinka daga abin da aka ƙulla, sai a sami +100, a ce haɗin yana shan zafi alhali ƙonawa yake. A takardar jarrabawa maki ne ya tafi, a masana'anta kuwa fatar mutum ce. Na biyu shi ne cusa 242 na tsinkewar farko cikin jimlar matakai. Dubi yadda abin ke faruwa a aji. Malama ta rubuta matakan uku a allo, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ai 242 da 8 da −108 sun ba da +142, ba −100 ba." Yarinyar ba ta yi shirme ba, tarawarta daidai ce. Malamar da ta san aikinta ba za ta tsawata mata ba. Za ta ɗauki alli ta zana da'ira a kan matakai biyu na sarƙa, ta ja kibiya daga radikal ɗin da ya fito a ƙarshe zuwa inda ya shiga a farko, ta ce, "Ɗiyata, duba nan. Sau ɗaya haske ya biya 242, amma wannan da'irar za ta juya sau dubbai kafin ta tsaya. Abin da aka biya sau ɗaya ba a ɗora shi a kan kowane zagaye." A nan ne za ka ga idon yaro ya buɗe, kuma wannan buɗewar ido ita ce ladan da ba ya cikin takardar albashi.

Na ukun sai mai lura. Wasu littattafai suna ba da 413 a matsayin ƙarfin ɗaurin kabon da haidurojin. Ba ƙarya suka yi ba, matsakaici ne da aka fitar daga sinadarai masu yawa. Amma haidurojin na farko da ake cirewa daga metan 439 yake ci. In ka yi aiki da 413 a mataki na farko, za ka sami 413 − 431 = −18, sai ka ce matakin gangara ne, alhali tudu ne na +8. Lamba guda ta juya labarin gaba ɗaya. Don haka ku duba kan jadawali kafin ku kwafa, ku san ko matsakaici ne ko na wannan ɗauri ne takamaimai. Kada kuma ku ɗebi lamba daga littafi kaza ku haɗa da ta littafi kaza. Wani zai ba ku 243 maimakon 242, wani 435 maimakon 439. Bambancin awo ne, ba abin tashin hankali ba, muddin kun tsaya a kan jadawali guda.

Yanzu ku ga ƙarfin abin da ke hannunku. Ku sauya kulorin da 'yan gidansu, ku bar lambobi su yi magana. Fulorin: mataki na farko 439 − 570 = −131, na biyu 159 − 460 = −301, jimla −432. Ya ninka na kulorin fiye da sau huɗu, kuma duka matakan gangara ne. Ba sai ka taɓa ganin fulorin da idonka ba kafin ka san haɗa shi da metan kai tsaye neman wuta ne. Aidin kuwa akasin haka: 439 − 298 = +141, sannan 152 − 239 = −87, jimla +54. Haɗin ba ya tafiya, ko ka zuba masa haske har la'asar. Buromin yana tsakani: mataki na farko 439 − 366 = +73, na biyu 194 − 294 = −100, jimla −27. Yana tafiya, amma da nawa, sai an taimaka masa da zafi.

Ku lura da wani abu da ya cancanci a tsaya a kansa. Ɗaurin aidin da aidin, 152, shi ne mafi sauƙin tsinkewa a cikin huɗun, amma aidin ne ya ƙi aiki. Wanda ya dubi lambar farko kawai ya yanke hukunci ya faɗi ƙasa. Inda gizo ke saƙa shi ne matakin fizge haidurojin: −131, +8, +73, +141. Jerin nan kaɗai ya bayyana halin gidan gaba ɗaya, daga mai fashewa har zuwa mai ƙin motsi.

Gaskiyar aiki ta ce in faɗi inda lissafin ya tsaya. ΔH yana faɗin bambancin mafari da makoma ne, ba ya faɗin saurin tafiya. Akwai shingen da dole a haura kafin mataki ya faru ko da gangara ce a bayansa. Ga kulorin da metan shingen nan kusan kilojul 16 ne, ga buromin kuwa kusan 75. Haka kuma lambobin jadawali na sinadarai ne a matsayin iska. In ruwa-ruwa ne sai an ƙara gyara. Sanin iyakar kayan aiki ba ya rage masa daraja, shi ne ma alamar gwani.

To amma ko wannan shingen, lissafinmu yana haska shi. Mu ɗauki furofan, ɗaya daga cikin iskokin da ke cikin tukunyar gas ta girki. Kabon uku ne a jere. Haidurojin shida na kabon biyu na gefe kowanne yana cin kusan 421, biyu na kabon ɗin tsakiya kuwa kusan 410. Bambancin kilojul goma sha ɗaya kacal. Ga kulorin, fizge kowannensu gangara ce, −10 ko −21, saboda haka ba ya tsayawa zaɓe: ana samun kusan kashi 45 cikin ɗari a gefe, 55 a tsakiya. Ga buromin duka biyun tudu ne, +55 ko +44, kuma mai hawan tudu yana jin kowane kilojul a jikinsa, sai ya bi mafi sauƙi: kusan kashi 97 cikin ɗari a tsakiya suke sauka. George Hammond na Amurka ya tsara dalilin wannan a 1955, cewa a matakin da ke shan zafi, ƙololuwar shinge ta fi kama da abin da za a samu, don haka bambancin ƙarfin ɗauri yana bayyana kusan gaba ɗayansa. Mai haɗa magani da ke son sinadari guda tsaftatacce zai ɗauki buromin. Mai masana'anta da ke son arha da sauri, yana da hasumiyar tacewa da zai raba gauraye, zai ɗauki kulorin. Shawarar kuɗi masu nauyi ke nan, kuma tushenta ɗebewar da yaron aji biyar zai iya.

Kada wani ya ce muku wannan ilimi na 'ya'yan masu hali ne. Michael Faraday ɗan maƙeri ne. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai a Landan, ya yi shekara bakwai yana ɗinki yana karanta abin da aka kawo masa ya ɗinka. A 1813 ya sami aiki a Royal Institution a matsayin yaron ɗakin gwajin Humphry Davy, mai share wuri da wanke kayan aiki. A 1820 wannan mai wanke kwalabe ya yi amfani da kulorin da hasken rana ya samar da sinadaran farko da aka sani na kabon da kulorin zalla. Irin haɗin da muke lissafawa ke nan, ya yi shi da hannunsa tun ba a san da ilektoron ba. Moses Gomberg kuwa ya iso Amurka daga daular Rasha a 1884 ba shi da komai, ya yi leburanci a mayankar dabbobi ta Shikago. A 1900, yana Jami'ar Mishigan, ya nuna cewa radikal na kabon yana iya wanzuwa, a lokacin da manyan masana ke ganin hakan ba zai yiwu ba. Duk lokacin da ka rubuta CH3 ka ɗiga masa ɗigo a gefe, kana tafiya ne a hanyar da leburan mayanka ya share. Zomo ba ya kamuwa daga zaune, kuma waɗannan mutane ba su zauna ba.

Ku masu ɗakin gwaji da masu riƙe da makullin sito, aikin nan yana kan kantarku ko kun sani ko ba ku sani ba. Sarƙar ba ta tsayawa a CH3Cl. Radikal ɗin kulorin ba ya tambayar wane ne a gabansa, zai fizge haidurojin na biyu da na uku da na huɗu, a sami CH2Cl2, da CHCl3 wanda muka sani da kulorofom, da CCl4. Ana raba su ne da bambancin tafasarsu: digiri −24, da 40, da 61, da 77. Ku dubi ta biyun da kyau. CH2Cl2 yana tafasa a wajen digiri 40, kuma duk wanda ya yi watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram ya san rana tana wuce haka ba tare da neman izini ba. Kwalbar da aka bari kusa da taga a sito mai rufin kwano tana cika da tururi, marfi ya kumbura, wanda ya buɗe ba shiri ya shaƙa. Mai sito da ya karanta lambar, ya mayar da kwalbar ƙasa can cikin inuwa inda iska ke ratsawa, ya tsare lafiyar mutanen da ba za su taɓa sanin ya yi musu komai ba. Ni ina ganin wannan aiki ne na daraja, kuma ya kamata a riƙa faɗin haka a gaban shugabanni.

Ku ma masu gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, kuna cikin zancen. Tsohon gas ɗin nan R-12 yana ɗauke da ɗaurin kabon da kulorin da na kabon da fulorin. A ƙasa ba abin da ke taɓa shi, amma in ya hau sama can inda hasken rana mai ƙarfi yake, ɗaurin kulorin ne ke tsinkewa, domin shi ne mafi arha, kamar yadda 350 da 460 suka nuna mana ɗazu. Radikal ɗin da ya fito ya kama sarƙa da iskar ozon mai kare mu daga zafin hasken, guda ɗaya ya lalata dubun dubata kafin ya tsaya. Mario Molina da Sherwood Rowland ne suka yi gargaɗin haka a 1974, aka ƙulla yarjejeniyar Montiriyal a 1987 don daina irin waɗannan gas, su kuma suka sami kyautar Nobel a 1995 tare da Paul Crutzen. In ka ga an sauya maka gas a kasuwa, ga dalilin. In ka kama gas ɗin tsohuwar na'ura a silinda maimakon ka sake shi a iska, ka san me hannunka ya hana.

Na san halin da ake ciki. Na san akwai makarantun da ɗakin gwajinsu kanta ce da ƙura, akwai aji mai yara fiye da kujeru, akwai albashin da ke ƙarewa kafin wata ya raba. Waɗannan haƙƙoƙi ne, ku ci gaba da nemansu da babbar murya, ba wanda ya isa ya ce ku yi shiru. Amma kada rashin kayan aiki ya sa ku sallama abin da ba ya bukatar kayan aiki. Wannan darasi naku ne cikakke, ba ragi, daidai da yadda ake koyar da shi a kowace jami'a ta duniya, domin 681 − 781 a ko'ina −100 ne. Ku koyar da shi da Hausa in ta kama, yaro ya gane tukuna, sannan a mayar masa da harshen jarrabawa. Ku da ke masana'anta, ku tambayi injiniya ΔH na abin da ke cikin tukunyar da kuke gadi, ku lissafa da kanku a bayan takardar aiki, ku gwada da nasa.

Gobe da safe ku ba yara etan, C2H6. Ku rubuta musu 421 na kabon da haidurojin, 352 na kabon da kulorin, 242 da 431 kuwa sun riga sun san su. Kada ku ba su amsa. Ku bar su su fitar da −10 a mataki na farko, −110 a na biyu, su tara da kansu su sami −120. Sannan ku tambaye su: in aka zuba metan da etan a tukunya guda aka saki kulorin kaɗan, wanne zai fara ci, kuma wace lamba ce ta gaya muku?